Mazarin da ke cikin ƙafar ɗan tsako

Godiya ta tabbata ga Allah Mai halitta, Mai tsarawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

'Yan uwa, yau kan ɗan tsako za mu yi magana. Na san wani zai ce Malam ya rasa abin faɗa ne, ga tsadar rayuwa, ga rashin tsaro, sai kaza? To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, don maganar za ta biyo ta kasuwar Jibia, ta shigo gidajenmu na Riko, ta zo har sahun sallah.

Kaza takan yi kwanci kwana 21. Zabuwa ƙwanta kan kai kwana 26 zuwa 28, shi ya sa iyayenmu mata in sun sa wa kaza ƙwan zabbi sukan ƙara mata mako guda a lissafi. Agwagwar gida irin tamu sai ta kai kwana 35. Ran da ɗan tsako ya fasa ɓawo, zai fito a jiƙe, a gajiye, ya kwanta kamar ba zai yi rai ba. Kafin yini ya ƙare ya bushe, ya miƙe a kan ƙafa biyu, yana bin uwarsa, yana kai baki ƙasa. Ɗan Adam kuwa sai ya kusa shekara yana rarrafe da dafa bango.

Abin tambaya a nan: wa ya gaya wa wannan ɗan mitsitsin inda ƙafarsa take? Bai taɓa ganinta ba, don a duhu ya girma, a naɗe, kansa a ƙarƙashin fiffikensa na dama. Kuma in yana tafiya ba ƙafar yake kallo ba, tsaba yake kallo. Amsar ta farko mun san ta, Allah ne Ya shiryar da shi. Amma Allah Yana yin abu da sababi, kuma duba sababin yana cikin tafakkurin da aka umarce mu da shi. Suratul Mulk da Suratun Nahli duk sun ja hankalinmu mu dubi tsuntsaye. Umarnin a duba ne, don haka bari mu duba.

A cikin tsokar kaza, da tsokarka kai mai karatu, akwai wata 'yar halitta da ido ba ya iya rabe ta sai da madubin bincike. Zarurruka ne na tsoka, sirara, 'yan kaɗan, an tattara su a cikin wata 'yar jaka mai kumburi a tsaka da tsini a kowane gefe. Duk wanda ya taso ya ga kakarsa tana kaɗi ya san wannan siffa: mazari ne da zare ya taru a cikinsa. Haka wani masani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya gani, ya raɗa mata sunan mazari da harshensu a shekarar 1863. Larabawa ma a littattafansu na likitanci "almigzalul adali" suke ce mata, ma'anar ɗaya ce. Don haka mu ma sai mu ce mazarin tsoka, ba mu ari bakin kowa ba.

Sauran zarurrukan tsoka aikinsu ja, su ne 'yan ƙwadago. Shi mazarin nan aikinsa kai rahoto. Akwai wata jijiyar saƙo da ta nannaɗe tsakiyarsa. Da zarar tsoka ta miƙe, ko da kaɗan ne, mazarin zai miƙe tare da ita, jijiyar ta aika wa laka cewa an ja tsoka kaza, gwargwado kaza, da sauri kaza. Laka ba ta jiran ƙwaƙwalwa ta yi shawara, nan take take mayar da umarni a ɗaure tsokar. In ka taɓa zuwa asibiti likita ya ɗan buga maka ƙasan gwiwa ƙafarka ta yi tsalle da kanta, to mazarin nan ne ya yi magana. Akwai kuma wata jijiyar daban da ke zuwa gefunan mazarin tana ɗaure shi ko ta sassauta, kamar yadda mai sikeli ke daidaita sikelinsa kafin ya ɗora kaya, don kada awo ya yi ƙarya. Charles Sherrington na Ingila ne ya tabbatar a 1894 cewa abin nan na ji ne, daga baya kuma ya ba wannan ji suna na kansa, wato jin da jiki ke yi wa kansa.

Mun saba cewa gaɓɓan ji biyar ne: gani, ji, shaƙa, ɗanɗano, taɓawa. To ga wani da ba mu lissafa shi. Rufe idonka yanzu ka kai yatsa kan hancinka. Ka kai? Da me ka gane hanya? An ɗauke wuta kana cin tuwo, loma ba ta taɓa ɓata ta tafi kunne ba. Makaho yana hawa matakalar masallaci ba ya tuntuɓe. Kai da kanka in ka yi ruku'u ka san bayanka ya miƙe ko bai miƙe ba, alhali ba ka taɓa ganin bayanka ba tun da aka haife ka.

Yanzu mu koma cikin ƙwai, don nan ne abin mamakin yake.

Mutane sun daɗe suna leƙa ƙwan kaza. Aristotal na Girka ya riƙa fasa ƙwai kwana bayan kwana yana rubuta abin da ya gani. Mutanen Misira sun san ƙyanƙyasa ba tare da kaza ba tun da daɗewa, a cikin ɗakunan ƙasa masu ɗumi, har malami Abdullaɗif Albagdadi ya siffanta su a labarin Misira da ya rubuta wajen shekara ta 1200. Ke nan injin ƙyanƙyasa ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Musulmi. A zamaninmu kuma, a 1951, Viktor Hamburger da Howard Hamilton a Amurka suka kasa girman ɗan tsako a cikin ƙwai zuwa mataki 46, kuma har gobe da wannan ma'auni masu bincike suke aiki.

Ga abin da aka gani. A kwana na 2 zuciya ta fara bugawa. A kwana na 3 wasu 'yan tsiro huɗu sun ɓullo a gefen jiki, biyu za su zama fukafukai, biyu ƙafafu. Ƙwayoyin da za su zama tsoka ba a cikin ƙafar aka fara yin su ba, daga gefen gadon baya suke tasowa su yi ƙaura zuwa cikinta, su haɗu da juna su zama zarurruka. Jijiyoyi kuma su taso daga laka da gefenta, su bi sawu, kowace tana neman tsokarta. Wajen kwana na 4 ɗan tayin ya fara motsi.

A nan akwai abin lura. Wannan motsin na farko ya riga mazari zuwa. Hamburger da abokan aikinsa sun nuna a 1966 cewa ko an raba ƙafar da jijiyoyin da ke kawo rahoto, tana ci gaba da harbawa har kwanaki masu yawa. Wato laka ce ke kunna motsin da kanta, ba don wani abu ya taɓa shi ba. Wanda ya gani zai ce wasa ne, shure-shure ne marar kai. Amma a shekarar nan dai ta 1966 wasu masu binciken suka shanye jikin ɗan tayin kaza da magani, ya girma ba ya motsi, sai aka tarar gaɓoɓinsa sun manne, gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Ashe shure-shuren shi ke buɗe gaɓa. Uwa mai juna biyu da ke jin ɗa yana harbin ta cikin dare, ga abin da ake yi a cikinki, Allah Ya sauke ki lafiya.

Sai a ƙarshen mako na biyu, tsakanin kwana na 11 da na 13, ake fara ganin mazarin a tsokokin ƙafa. Yadda yake farawa shi ne ya fi tsaya mini a rai. Zarurrukan tsoka a lokacin duk kamarsu ɗaya, ba ka iya cewa wannan zai zama ɗan ƙwadago, wancan zai zama ɗan rahoto. Sai jijiyar ji ta iso ta taɓa wani daga cikinsu. Daga wannan taɓawar hanyarsa ta rabu da ta 'yan uwansa: su za su yi kauri su yi ƙarfi, shi zai zauna siriri, jaka ta fara kewaye shi, jijiyar ta kama shi da kyau. In jijiyar ba ta zo ba fa? Wata masaniya 'yar ƙasar Cek, Jirina Zelena, ta gwada a jikin ɓera a 1957: ta yanke jijiyar tun da wuri, mazarin bai ginu ba. Tsoka tana nan, ɗan rahoto babu.

Kuma abin ba ta gefe ɗaya yake ba. Ita ma jijiyar ba ta rayuwa sai tsokar ta ciyar da ita da wani sinadari da ake kira NT-3. A 1994 aka samar da ɓerayen da ba su da wannan sinadarin, sai jijiyoyin suka mutu, mazarai ba su samu ba, ɓerayen suka kasa sarrafa ƙafafunsu. An hana shi aiki a cikin ƙwan kaza ma, aka ga jijiyoyin ji na tsoka sun ragu. Ka ga ke nan jijiya ce ke sa a yi mazari, tsoka ce ke raya jijiya. Wanne ya san da zaman ɗan'uwansa kafin su haɗu? Ba su da ido, ba su da hankali, a cikin duhun ɓawo suke, amma kowanne ya zo da abin da ɗayan ke buƙata, a kwanan da ake buƙatarsa. Subhanallah.

Wani abin kuma: jijiyoyin da ake fara yi sun fi waɗanda za a bari yawa. Hamburger ya ƙidaya jijiyoyin umarni masu zuwa ƙafar ɗan tsako, ya tarar kusan kashi 40 cikin 100 suna mutuwa tsakanin kwana na 6 da na 10. Mutuwa tana aiki a cikin ginin rai tun kafin a fito duniya. Irin wannan binciken a kan ƙwan kaza ne ya kai Rita Levi-Montalcini ta Italiya ga gano sinadarin da ke raya jijiyoyi, har aka ba ta kyautar Nobel a 1986. Matar nan a ɗakin kwananta ta riƙa yin aikin lokacin yaƙin duniya na biyu, don an hana ta aiki a jami'a. Ɗalibanmu masu cewa ba kayan aiki su ji wannan.

Daga kwana na 19 gwaiduwar da ta rage takan shige cikin cikinsa, ta zama guzurinsa na kwana biyu zuwa uku bayan fitowa. Ya huda iskar da ke gefen ƙwai mai faɗi ya fara numfashi, har ana jin kukansa tun yana ciki. Akwai wata tsoka a ƙeyarsa da ke kumbura dab da fitowa, da wani ɗan tsini a kan bakinsa, da su yake fasa ɓawon, bayan 'yan kwanaki tsinin ya faɗi. Ya fito da mazaransa suna aiki, amma ba su gama nuna ba, suna ci gaba da tsawo da ƙwari a makonnin farko yayin da ƙashi da tsoka ke girma. Ɗan shila kuwa, da ƙwansa ke ƙyanƙyashewa a kwana 18 ko ƙasa da haka, yakan fito tsirara, ido a rufe, ba ya iya tsayuwa, sai iyaye sun ɗura masa abinci. Aljahiz na Basra, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira, ya daɗe yana kwatanta kaza da tattabara a Kitabul Hayawan. Kowanne an ba shi gwargwadon rayuwar da zai tarar a waje.

Bari in ja kunne kan wani abu, don na san akwai masu son a ce "ai wannan yana cikin aya kaza". A'a. Ban ce Alƙur'ani ya ambaci mazarin tsoka ba, kuma ban yarda a riƙa murɗa aya don ta dace da binciken bana ba. Binciken bana yana iya canzawa baɗi, to ranar nan ina za ka kai ayar da ka ɗaura masa? Littafin Allah ya ce mu duba halitta, mun duba, mun ga tsari. Wannan ya isa, kuma ya fi aminci ga imanin matasanmu masu karatun kimiyya a Katsina da Dutsinma da Maraɗi.

To mene ne ruwanmu da wannan a aikace?

Ranar Lahadi ka tsaya a bakin kasuwar Jibia ka ga yadda kaji da zabbi ke shigowa daga ƙauyuka da tsallaken iyaka. An ɗaure ƙafafu tamau da tsumma ko igiyar leda, an rataye a kan babur kai a ƙasa, ana tafiya mai nisa a kan hanya mai gargada, cikin rana. Ƙafar nan da muka gama bayaninta, wadda ke jin ɗan miƙewar da ido ba ya gani, ita ce aka rataya nauyin jiki duka a kanta. Kuma tsuntsu ba shi da shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki irin namu, in aka juya shi kayan ciki sukan danne masa numfashi. Kwando ko keji nawa ne? Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure kaza suna harbin ta, ya tsawata musu, ya gaya musu Annabi (SAW) ya la'anci mai yin haka, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Annabi (SAW) ya umarta a mayar mata da su. An halatta mana yanka, ba a halatta mana azabtarwa kafin yankan ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka, gaskiya ne, amma yankan ma an ce a kyautata shi, a wasa wuƙa, a hutar da dabba.

Sai matasa da matan gida masu kiwon kajin gidan gona, wanda yanzu ya zama hanyar rufin asirin gidaje da yawa, musamman a shekarun nan da iyaka ke rufuwa tana buɗewa, kamar yadda aka gani a 2019 da 2023. Mafi yawan 'yan tsakin nan daga kudu ake kawo su, musamman Ibadan, a cikin kwali, doguwar tafiya, ba ci ba sha, gwaiduwar nan ce kawai ke riƙe da su. In sun iso, ruwa ne farko, da ɗumi. Kuma don Allah kada a shimfiɗa musu leda, ko takarda mai santsi, ko a sake su a kan siminti mai sulɓi. Ɗan tsako a kwanakin farko ƙafarsa tana neman abin da za ta kama. In ƙasa tana zamewa, ƙafafun sai su baje, ɗaya gabas ɗaya yamma, in aka bar shi haka ya ƙage a nan, ba ya kai wa ga abinci, 'yan uwa su tattake shi. A zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako, ko a shimfiɗa buhun algarara mai kaushi. Wanda ƙafarsa ta riga ta baje, in an gani da wuri, a haɗa ƙafafun biyu da ɗan ƙyalle mai laushi, a bar tazarar tsayuwarsa ta asali, a ware shi kwana biyu ko uku. Da yawa suna miƙewa.

Amma ba kowane gurgunta ne na santsi ba. Yatsu su nannaɗe ciki, sau da yawa ƙarancin sinadarin abinci ne. Wuya ya murɗe, kai ya juye, ga zawo da mutuwa a jere, musamman lokacin hunturu, wannan ita ce annobar kaji da muka sani, kuma tana da rigakafi, har cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin shi. A nemi ma'aikacin dabbobi. Abin da ba ya halatta shi ne wanda wasu ke yi: da sun ga ciwo ya shiga akurki sai su kwashe sauran su kai kasuwa da sassafe kafin alama ta fito. Ka sayar wa marainiya ko bazawara kaza mai ciwo, ta kai gida ta kashe mata 'yan kajin da take sayen sabulu da su. Wannan algus ne. Hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama yana cikin Muslim, kuma kowa ya san abin da Annabi (SAW) ya gaya masa. Haka mai sayar da ƙwan zabbi da damina da ke cusa bara-gurbi a tsakiyar tire. A mazhabarmu ta Malikiyya ruɓaɓɓen ƙwai najasa ne ma, balle a karɓi kuɗi a kansa.

Na ce maganar za ta zo sahun sallah. A 1971 wani saurayi mahauci ɗan ƙasar Ingila, ɗan shekara 19, ya yi rashin lafiyar da ta lalata masa jijiyoyin nan masu kawo rahoto daga wuya zuwa ƙasa. Ƙarfinsa yana nan, tsokarsa lafiya lau, amma bai san inda hannunsa yake ba sai ya kalle shi. Ya koyi tafiya da ido, kowane taku sai ya duba ya lissafa, in aka kashe fitila sai ya zube. A 2021 aka ba Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut ta Labanan, kyautar Nobel saboda gano 'yar ƙofar da ke jikin jijiya wadda ke mayar da matsi da miƙewa su zama saƙo. Wanda aka haifa babu irin wannan ƙofar, shi ma sai da ido yake iya sarrafa gaɓɓansa.

Irin wannan mai tsanani ba kasafai ake samunsa ba. Amma sassauƙansa yana cikin masallatanmu. Tsufa yana rage wannan ji, ciwon suga da ya daɗe yana cinye jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa za ka ga dattijo yana tafiya yana kallon ƙasa, yana buɗa ƙafa, takalmi ya fita bai sani ba, da asuba kuma in babu haske sai ya yi ta tangaɗi. Yaro marar sani sai ya yi dariya, babba marar sani sai ya ce ragwanci ne. Baba, in tsayuwa tana neman kayar da kai, ka dogara da sanda ko bango, in ba ta yiwu ba ka zauna, Annabi (SAW) ya ba Imrana ɗan Husaini wannan sauƙin, yana cikin Bukhari. Masu kula da masallaci kuma a sa fitila mai aiki da hasken rana a bakin ƙofa da wurin alwala, a bar wa dattawa gefen bango, a daina barin ruwa yana kwanciya a kan tayil. Mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa da idonsa kullum lokacin alwala, don ƙaya tana iya shiga ya kwana da ita bai ji ba, kuma in ya ga rauni ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira kasuwa ta zagayo.

Wallahu a'alamu.